Ruwan Lagireto da Magen Misis Doris

Abbey Wood, London
Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da inda nake zaune, har ina jin ƙarar tef ɗin da kike liƙe kwalaye da shi. Allah Ya kai ki Aberdeen lafiya, Ya tsare miki hanya gaba da baya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin nan, Ya sa ki shiga da ƙafar dama.

Za ki tarar da wannan takarda a aljihun gaban mota, a kan littafin sabis. Na san ba za ki buɗe wurin ba sai kin tsaya shan mai ko kin isa, kuma da gangan na yi haka. Kwana biyar ke nan rabon da mu yi maganar da ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau", laifin kuwa nawa ne. Mamanki ta ce in kira ki in ba ki haƙuri kafin ki kama hanya gobe. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinki ina komawa. Ba ki haƙuri a kan tsawar da na yi miki ranar Asabar abu ne mai sauƙi. Abin da ya yi mini nauyi shi ne wanda ke ƙarƙashin tsawar, wanda na ɓoye shekara goma sha biyar game da Tofi, magen maƙwabciyarmu Misis Doris. Ban sani ba ko bayan kin karanta za ki ɗaga waya ki kira ni. Tsorona ke nan, na faɗa miki tun daga farko don kada ki ɗauka tsoho ya zauna surutun mota ne kawai.

Ke kika ce mu canza ruwan lagireto kafin tafiya, tunda garin da za ki ya fi nan sanyi, ruwan da ke cikin motar kuma ya tsufa, ya koma kalar shayin da ya kwana. Na ce a kai gareji. Kika dube ni, da Hausar nan taki mai dogara sanda, kika ce, "Baba, kai ka koya mini canza taya, da birki, da baƙin mai. Wannan kaɗai ne ba ka taɓa nuna mini ba. Why?" Na ce bayana ke ciwo. Kika ce to in zauna a kujera in yi kallo.

Na kuwa yi kallo. Kin bar motar ta kwana ba a tayar da ita ba, duk da haka sai da kika taɓa tiyon sama da bayan hannu kafin ki kama murfi. Kika sa safar hannu, kika tura baho mai faɗi ƙarƙashi, kika kwance toshiyar ƙasan lagireto a hankali, tsohon ruwan ya sauko cikin baho ko fantsama bai yi ba. Kika ɗauraye cikin har abin da ke fitowa ya yi fari tas. Kika auna sabon ruwan, rabi shi rabi tataccen ruwa, kika zuba ta mazurari sannu-sannu, kika tayar da inji, kika ƙure hita, kina matsa tiyo kina jiran iska ta fita. Wallahi Ummi, na yi aiki da maza masu gemu waɗanda ba su kai ki natsuwar hannu ba. Ina zaune a kujerar nan ƙirjina ya cika, na ce a raina, wannan 'yar tawa ce, duk mai wucewa ya gani.

Sai na tashi in taya ki juye bahon cikin jarka, bahon ya karkace mini, ruwan ya zube a kwalta kamar faɗin faranti. Kika ce, "Baba tsaya, kar ka taka! Cokali ɗaya na wannan yana kashe mage." Kin san abin da na mayar miki. Na ce ni za ki koya wa mota, ni da nake kwance inji tun ba a san za a haife ki ba? Na ce don kin samo takardar injiniya shi ne za ki mayar da ni ɗan koyo a bakin titi? Misis Doris tana tsaye a ƙofarta da kofin shayi. Kika ɗebo yashi kika rufe wurin, kika share kika ƙulle a leda, kika wanke kwaltar, kika ce, "Yi haƙuri, Baba," kika shige gida.

Shekarata ashirin da bakwai a ƙasar nan. Na zo da takardar aikin injin mota daga Kaduna, aka juya ta gaba da baya aka ce ba a san ta ba. Na yi gadi, na wanke motocin haya, na ja tasi har gwiwata ta daina lanƙwasuwa. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da na iya. Wannan ya bar mini ɗaci a baki, kuma ku na gida ku kuka fi ɗanɗana shi. Amma ƙasar ce dai ta karantar da ke har kika zama abin da aka hana ni zama, ba zan ci amanar wannan gaskiyar ba. Ba ni da gida a Kaduna da zan bar miki, ba ni da gona. Tsohuwar motar nan ce, sai kura-kuraina. Motar na ba ki makullinta, bari in ba ki sauran.

Na farko na yi shi ne a sanyin farko da na mallaki mota, muna zaune a Peckham ni da Mamanki, a ɗaki guda saman shagon masu kitso. A garejin da na koyi aiki a Kaduna, maigidana Oga Tanimu, Allah Ya jiƙansa, yana da magana ɗaya a kan lagireto: ruwa ruwa ne. Idan aka kawo mota 'yar Beljiyam muka ga koren ruwa a ciki, zubarwa muke yi mu cika da na rijiya, muna cewa ado ne irin na Bature. Motocin kuma suna tafiya lafiya, har Legas su dawo. To da na sayi tawa a nan, na ga ruwan ya yi datti, sai na zubar na cika da na famfo, ina jin daɗi na yi wa kaina aiki ba tare da na roƙi kowa ba.

Wata safiya a tsakiyar sanyi na fito, gilashi ya yi fari, na buɗe bonet na tarar da tiyo ya sandare kamar rodi. Da rana ta ɗan taɓa motar sai ga ruwa yana tsiyaya daga jikin injin kansa. Ƙanƙarar ta kumbura a ciki ta tsaga shi. Aka ja mini ita zuwa garejin Alhaji Fuseini, mutumin zangon Kumasi, wanda kika sani da furfura yanzu. Ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

"Massa, mene ka zuba cikin mota nan?"

Na ce ruwa.

"Wane ruwa?"

Na ce na famfo mana, wane ruwa kuma ake zubawa.

Ya dafa bonet yana dariya har da tari. "Kai, jama'a! Injiniya na Kaduna ya yi ƙanƙara na sayarwa! Duba kanka, ka sa riga uku da hula, mota kuma ka bar shi tsirara a waje. Shi ba ya ji sanyi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da ya gama dariyarsa sai ya zaunar da ni a kan taya ya ba ni shayi, ya bayyana mini cewa ruwan mai kala yana hana daskarewa, yana hana tsatsa, yana kuma sa inji ya jure zafi. Minti biyar. Da na yi tambayar nan ta minti biyar kafin in taɓa motar, da ban yi wata huɗu ina tafiya aiki a bas biyu ba. Girman kai ne ya hana ni, don na riga na gaya wa kowa a Peckham cewa ni bakanike ne.

Oga Tanimu bai yi ƙarya ba, gaskiyarsa ta Kaduna ce, inda ruwa ba ya zama dutse a cikin mota. Ke ma za ki isa Aberdeen da gaskiyarki ta London da ta jami'a. Ki riƙe ta, kin sha wuya kafin ki same ta. Amma makonnin farko ki yawaita tambaya, musamman tsofaffin ma'aikatan da hannunsu ya yi kanta. Idan sun yi miki dariya ki bari su gama, wanda ya yi dariya a gabanki sau da yawa shi ne zai zaunar da ke ya nuna miki. Kuma kada ki zuba wa motar nan ruwan famfo ko da rani, kin dai ga farin dattin da yake bari a butar shayinmu. Na sa miki jarkar haɗaɗɗen ruwa a but, irin wanda kika zuba, mai ruwan hoda. Kada ki gauraya shi da wani kala don wani ya ce duk ɗaya ne.

Na biyu yana nan a wuyan hannuna na dama. Kina ƙarama kina yawan shafa tabon kina tambaya, ina ce miki aiki ne. Ranar ƙaramar Sallah ce, muna hanyar masallacin Regent's Park, Mamanki tana da cikinki wata bakwai. Muka shiga cunkoso, allurar zafi ta hau har ja, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na gangara gefe na fito cikin babbar riga. Mamanki ta sauke gilashi ta ce, "Malam, ka bari ta huce mana, ko mun rasa sahun farko akwai na biyu." Na ce ta kula da tukunyarta ta bar mini mota. Na naɗe hannu da hankici na murɗa murfin. Ban ma gama murɗawa ba ya ƙwace, tafasasshen ruwa ya yi tsalle ya wanke mini hannu har gwiwa.

A asibiti muka yi Sallar. Uwarki ba ta ce "na gaya maka" ba, ko sau ɗaya. Sai da muka koma gida, hannuna a naɗe kamar ƙullin alala, ta zuba tuwon Sallah ta ɗebo a cokali ta kawo bakina, sannan ta ce, "Buɗe baki, injiniya." Har yau idan na ɗaga murya a gidan nan abin da take faɗi ke nan, ƙasa-ƙasa, ku kuna zaton zolaya ce kawai.

Idan allura ta hau miki a hanya, ki gangara, ki kashe inji, ki zauna. Rabin awa aƙalla, ko da masu wucewa suna kallo, ko da za ki makara. Murfin nan yana riƙe da abin da ya fi ƙarfin hannunki. Ni na san wannan da fatar jikina, amma ban koya wa bakina ba, ga shi ranar Asabar ke na ƙona.

Akwai wani ƙarami da zan haɗa miki, don zai yi miki amfani jibi. Na taɓa canza ruwan ina sauri, na ga ya cika har baki, na ɗaure murfi na ɗauki fasinja zuwa filin jirgi. Ashe iska ta maƙale a ciki. Hita ta dinga busa sanyi, allura ta hau, mutumin ya sauka a bakin hanya da akwatunansa yana kirana sunayen da ba zan rubuta ba, kuma yana da gaskiya. Cikar farko ba a yarda da ita. Ko an yi aikin da kyau kamar yadda kika yi, bayan doguwar tafiya sauran iskar takan fita, ruwan ya ɗan sauka. Sai an bari inji ya kwana ya yi sanyi a sake dubawa. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu Tofi. Na yi ta kewaye-kewaye, na sani.

Shekararki takwas, ba mu daɗe da dawowa Abbey Wood ba. Misis Doris mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, daga ita sai jan magen nan mai farar ƙafa ɗaya. Idan kin taso daga makaranta, matakalar ƙofarta kike fara zama kafin ki shigo gida, ke da Tofi, kina ba shi labarin malamanku. Wata Lahadi da rana na canza ruwan lagireto a bakin titi. Zuwa lokacin na san abin da ake zubawa a ciki, na san a jira inji ya huce, na san a fitar da iska. Abin da ban taɓa tunani a kai ba shi ne inda tsohon ruwan zai tafi. A garejinmu na Kaduna ƙasa ce ke shanyewa. Na kwance toshiya na bar shi ya bi gefen titi zuwa kwata. Titin namu bai miƙe daidai ba, sai ruwan ya taru a wani ɗan kwari dab da shingen Misis Doris, kore shar. Na gan shi. Na ce ruwan sama zai wanke, ƙasar da ba ta rabo da ruwa. Ina tattara sifanu na hangi Tofi ya sunkuya a wurin. Na tafa hannu ya gudu, na shiga gida na ci abinci. Ranar ba a yi ruwa ba.

Washegari yana tafiya yana tangaɗi kamar mashayi. Bayan kwana uku ya mutu a wurin likitan dabbobi. Na je na tambayi Alhaji Fuseini a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi, ya ce ai ruwan zaƙi gare shi, dabba tana lasa da kanta, ya lalata mata ƙoda. Na dawo gida na same ki a ƙasan bene idanunki sun kumbura. Kika ce, "Baba, na ba Tofi kilishi ranar Lahadi, mai yaji. Ko shi ne?"

Na ce, "Ajali ne, Ummi. Je ki wanke fuskarki."

Kalma ɗaya kike nema, a'a, kuma tana bakina. Na hana ki, don idan na ce ba kilishi ba ne za ki tambayi to mene ne. A lokacin takarduna na zama ba su fito ba. Na tsorata kada tsohuwar ta kai ƙarata council, wato hukumar unguwa, magana ta zama ta hukuma, a buɗe fayil ɗina a ce mutumin nan ba shi da hali. Na ce wa kaina saboda ku nake yin shiru. Takardun sun fito bayan shekara biyu. Sauran shekara goma sha uku ba ni da abin faɗi. Ina kallo duk wanda ya zo daga gida da tsarabar kilishi kina tura farantin gaba, kina cewa yana maƙale miki a haƙori. Ina kallo, ina ci. Tun ranar ban ƙara taɓa ruwan lagireto a ƙofar gida ba, shi ya sa ban koya miki ba. Amsar tambayarki ke nan.

Jiya Laraba da hantsi na ƙwanƙwasa ƙofar Misis Doris. Ta buɗe da sandarta, na tsaya a falonta riƙe da hula, na faɗa mata komai da Turancina na direban tasi. Ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Zauna, Garba, kana tare mini haske."

Na zauna.

Ta ce, "Likitan ya gaya mini abin da Tofi ya sha tun a ranar. Mutum nawa ne ke kwanciya ƙarƙashin mota a layin nan? Ni tsohuwa ce, ba makauniya ba."

Na ce to me ya hana ta kai ƙarata.

Ta ce, "Na yi niyya. Na rubuta lambar council a bayan ambulan, na ɗauki waya. Sai aka buga ƙofa. 'Yarka ce da kayan makaranta, safa ɗaya ta zame. Ta tsaya a inda ka tsaya ɗazu ta ce ita ta kashe Tofi, ta ba shi nama mai yaji, idan ina so in kira 'yan sanda ta shirya. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in gaya wa babanta, wai zai ji kunya."

Ummi, ban san kin je ba. Wallahi ban sani ba.

Ta ce, "Na gaya mata ba ita ba ce, na rantse mata, ba ta yarda ba, ta ɗauka lallashi ne. Ni kuma ba zan dubi yarinya 'yar shekara takwas in ce mata ubanta ne ba. Wannan aikinka ne. Na zauna ina jira ka yi, kai kuma sai fitar mini da bola kake yi kowace Talata, kana gyara mini famfo, kana kankare mini ƙanƙara a ƙofa kamar wanda alƙali ya yanke wa hukunci. Shekara biyu ko fuskarka ba na son gani. Daga baya na gaji, kuma bolar tana da nauyi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta daɗe da ajiyewa, kuma saboda ke ta ajiye. Na miƙe zan tafi, ta nuna butar shayi da sanda ta ce, "Ba zan ba ka ko kofi ɗaya ba sai ka gaya wa yarinyar nan. Jeka."

Shekara ashirin da bakwai ina cewa mutanen ƙasar nan jira suke in yi tuntuɓe su taka ni. Wasu sun taka ɗin, ba zan janye ba. Amma wadda ta fi kowa dalilin taka ni ta riƙe lambar a hannu ta ajiye, ni kuwa ina gefenta ina ƙunƙuni a kan Turawa.

To ga shi, da hannuna na rubuta: ba ke ba ce. Kilishinki bai yi wa Tofi komai ba. Ni ne, da ruwan da na bari a titi, ni ne kuma na bar ki da kayan da ba naki ba tun kina 'yar firamare. Ki yafe mini, Ummi, idan za ki iya, a lokacin da za ki iya. Ba zan ce dole ba don ni na haife ki.

Nasihar da ta kamata ta biyo bayan wannan kuskuren ita ce mutum ya duba inda dattin aikinsa yake gangarawa, idan kuma ya yi ɓarna ya je ya faɗa da ƙafarsa tun abin yana ɗanye. Na ɗauki biro zan rubuta miki haka sai na ji kunya. Wa zan gaya wa? Wadda ta ɗebo yashi tun kafin ruwan ya gama bazuwa? Wadda ta je ta miƙa kanta tana shekara takwas a kan laifin da ba ta yi ba, alhali ubanta mai laifin yana gida yana cin tuwo? Ban san inda kika samo wannan ba, wataƙila wurin uwarki. Na yi alfahari ranar da kika karɓi takardarki, na sa babbar riga na yi ta ɗaukar hoto har kika ce ya isa. Wanda na ji jiya a falon tsohuwar nan ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da yake da hawaye ya zo. Kamfanin da ya ɗauke ki ya ga sakamakon jarabawa ne kawai, bai san rabin abin da ya samu ba. Abin da zan ƙara kawai, kada ki riƙa saurin ɗaukar laifin da ba naki ba, kamar yadda kika ce mini "yi haƙuri" ranar Asabar alhali ke ke da gaskiya. A wurin aiki akwai masu neman irinki su jingina mata nasu. Ki tsaya ki bincika tukuna.

Tsohon ruwan da ledar yashin na nemi a ba ni lokaci na kai su wurin karɓar shara mai guba na council yau da safe. Ba ko ɗigo a gidan.

Ga roƙona. Jibi da safe, bayan motar ta kwana a Aberdeen ta yi sanyi, kafin ki tayar da ita, ki buɗe bonet ki dubi farar robar ruwan. Akwai layi biyu a jikinta. Idan ya sauka ƙasa da na ƙasan, ki ƙara daga jarkar but har ya kai tsakiya. Sannan ki kira ni ki gaya mini inda kika same shi. Ba sai kin ce komai a kan takardar nan ba. Ki ce "ya sauka" ko "yana kan layi", ko da Turanci ne, ki kashe wayar idan iyakar abin da za ki iya ke nan. Ba zan fita aiki ranar ba, wayar tana aljihun gaban rigata.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, kwanakin can gajeru ne da sanyi, la'asar tana shigowa kafin ki ankara. Ki huta a hanya duk bayan awa biyu. Ki kira Mamanki kullum ko da ba ki kira ni ba, ita ba ta san komai a kan wannan ba sai jiya.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya sanya albarka a hannun nan naki, Ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi mini, Ya kuma sa ki fi ni saurin faɗa musu gaskiya. Na sa miki albarka duniya da lahira. Allah Ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Garba